Wasiƙa zuwa ga Nasiru kan sitaj ɗin waje

Tawa, daren Alhamis

Ɗana Nasiru, assalamu alaikum. Muna lafiya, innarka na gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Kawunka ya dawo daga Yamai da labarin da kai ka ɓoye mini. Wai wani mutum a WhatsApp ya ce ka tura masa jaka 400, zai samo maka gurbin sitaj, wato horon aiki na ɗan lokaci, a wani asibitin Turai, da wasiƙar gayyata, har da takardar banki mai nuna kuɗin da ba ka da su. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Ba fitar nake ƙi ba, ɗalibin likita na ƙaruwa da ganin aikin wasu. Amma takarda ake fara nema kafin kuɗi. Kai da kanka za ka rubuta wa shugaban sashen da kake so, ka haɗa da sakamakon jarrabawarka da wasiƙar malamin da ya san aikinka a gefen gadon majinyaci. In ya karɓe ka, sai a yi yarjejeniyar sitaj mai sa hannu uku: naka, na asibitin, da na shugaban tsangayarku ta kiwon lafiya a Jami'ar Abdou Moumouni. In babu hatiminsa, makonnin da ka yi can ba za su shiga lissafin shekararka ba, kuma duk mai ba da tallafi yarjejeniyar nan zai fara tambaya. Wannan yana iya cin wata tara.

Sannan ka rubuta kasafi a takarda guda: tikiti, ɗaki, abinci, mota, biza, asirans, rigakafi. Rigakafin ciwon hanta na B allura uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida, don haka gobe ma ka makara. Katin rigakafin ciwon shawara ya kasance a hannunka, fasfo kuma ya rage masa aƙalla wata shida. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, tana buƙatar asirans da ke ɗaukar nauyin Yuro 30,000, kuma kowane Yuro sefa 656 ne. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe aka bar shi tun Janairun 2024, kuma neman biza a wata ƙasa wani kuɗin ne daban.

Ƙofar farko ita ce ofishin hulɗa da waje na jami'arku. Inda akwai yarjejeniya tsakanin jami'o'i biyu, sau da yawa ana yafe kuɗin sitaj, wani lokaci har ɗaki ake bayarwa. Ka leƙa ANAB, hukumar ba da tallafin karatu ta Nijar, amma ka sani galibin guraben da ƙasashe irin su Maroko da Turkiyya ke bayarwa na cikakken karatu ne ko na ƙwarewa, kada ka ɓata dosiye a kansu don wata ɗaya. Ka tambayi ƙungiyar ɗalibanku ko tana cikin musayar IFMSA, ƙungiyar ɗaliban likita ta duniya: mako huɗu ne, da masauki da abinci sau ɗaya a rana, tikiti da biza na kanka. Malamin da ke da aikin bincike da abokan waje ma yakan iya saka ɗalibi a kasafinsa. In kuma za ka je wurin alhazan Adar da ke Yamai, kada ka ce "a taimaka mini". Ka ajiye yarjejeniyar a gabansu, ka roƙi abu guda, tikiti kawai.

Me ya sa ma sai Turai? Asibitin Fann na Dakar yana nan, da sefarmu za ka ci abinci. Asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, daga Ƙonni tafiya kaɗan ce, majinyatan Hausa suke ji, za ka tambayi tarihin ciwo da bakinka. A Turai baƙon ɗalibi yakan ƙare da tsayuwa bayan likita yana kallo.

Takardar bankin nan ita ce ta hana ni sakat. Jaka 400 in sun tafi, Allah zai mayar. Amma in aka gane takardar jabu ce, an riga an ɗauki zanen yatsunka, kuma ƙin bizar yana zama shekara biyar a rumbun da duk ƙasashen Shengen ke dubawa, daidai lokacin da za ka nemi ƙwarewa. Kai da gobe za ka sa hannu a takardar haihuwa da ta mutuwa, alƙali ya yi hukunci da shaidarka, da ƙarya za ka buɗe aikin? Shekara biyar kana karatu, har yanzu ba ka san dillali in ka gan shi ba? Kuma ka je wa innarka da maganar jinginar da garka a bayan idona. Na san tun maganar bara kake ganin na cika riƙo. Garkar nan ita ta kai ka inda kake, kuma Rabi da Sani na bayanka.

Na yi faɗa, ka yi haƙuri, tsoro ne. Kuɗin rigakafi da na fasfo ni zan biya a wannan watan. In albasa ta yi kasuwa, tikitin Dakar ma ina iya ɗauka. Kada ka sake amsa wa mutumin nan. Ranar Litinin ka je wurin shugaban tsangaya, ka kira ni bayan isha'i in ji abin da ya ce.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka