Zuwa ga Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Wales: A Tuna da Leigh Roose

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni tsohon golan unguwa ne, irin wanda ake turawa raga saboda ba ya iya gudu. Ranar da rafali ya hura mini usur don na cafke ƙwallo taku ɗaya a wajen layin sha takwas, na yi ta ƙorafi har magariba. Ashe ɗan ƙasarku ne ya ja mini.

Leigh Richmond Roose nake nufi, wanda aka haifa a 1877 a ƙauyen Holt kusa da Wrexham. A zamaninsa doka ta yarda gola ya taɓa ƙwallo da hannu ko'ina a rabin filinsu. Shi kuwa sai ya yi ta buga ta a ƙasa yana cafewa har tsakiyar fili, 'yan gaba na kai masa kafaɗa yana ture su, sannan ya wurga ta. A 1912 aka killace gola a cikin sha takwas, kuma da sunansa aka fi danganta wannan sauyi. Ya tsare wa Wales raga sau 24, yana cikin tawagar da ta fara ɗauko muku kofin ƙasashen Birtaniya a 1907. Ya buga wa Stoke da Everton da Sunderland a matsayin ɗan wasan sha'awa, ba ɗan albashi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshensa. Yana da shekara 38, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya shiga rundunar Royal Fusiliers ta sojan Birtaniya a ƙaramin soja. Hannun nan da ya saba wurga ƙwallo shi ya riƙa jifa da gurneti, har aka ba shi lambar jarumta ta soja. Ranar 7 ga Oktoban 1916 aka kashe shi a yaƙin Somme, a Faransa. Ba a ga gawarsa ba. A takardun soja aka rubuta shi "Rouse", haka aka sassaƙa a bangon tunawa na Thiepval, cikin sunayen sojoji sama da 72,000 da ba a san kabarinsu ba. Harafi ɗaya tak, amma ya isa ya sa danginsa suka yi shekaru suna neman sawunsa inda ba ya nan. Sai da aka daɗe kafin a gyara.

Roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe. A Wrexham aka kafa hukumarku a 1876, shekara ɗaya kafin a haife shi, tafiya kaɗan daga ƙauyensu. Ku sa sunansa a kan kyautar gwarzon gola na gasarku, a riƙa miƙa ta kowace kaka. In za a zana sunan, don Allah a sa mutum biyu su duba: R-O-O-S-E.

Naka,
Wani tsohon gola