Ba ƙorafin masu ƙoshi ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri, kai da abokan aikinka. Na daɗe ina sauraron shirinku na al'adu da nishaɗi, amma ban taɓa ɗaukar biro na rubuto muku ba sai yau. Abin da ya sa ni rubutun kuwa shi ne rahoton da kuka kawo a kan sabon sashen Harry Potter, wato labarin littattafan nan na wani yaro mai koyon sihiri, da kamfanin Universal ya buɗe a dandalin shaƙatawarsa na Epic Universe, a birnin Orlando na jihar Florida a Amurka. Rahoton ya yi daɗi. Inda na sha bamban da ku shi ne ƙarshensa, da aka kwatanta masoyan littafin da suka yi guna-guni da mutanen da aka cika wa ciki suka koma neman aibin tuwo. Ni malamar Turanci ce a makarantar sakandare, na karanta littattafan nan guda bakwai, 'yata ma ta karanta su, kuma ina ganin ba a yi wa mutanen nan adalci ba.

Bari in fara da abin da suke kuka a kai. Wannan shi ne sashe na uku da Universal ya gina wa labarin a Orlando. Na farko, ƙauyen Hogsmeade da makarantar Hogwarts, an buɗe shi a 2010. Na biyu, layin kasuwar Diagon Alley, a 2014, har aka haɗa su da jirgin ƙasa irin wanda ke kai ɗalibai makaranta a cikin labarin. Duk wanda ya karanta littafi ya san waɗannan wurare kamar yadda ya san hanyar gidansu. Da aka ce na uku yana tafe, kuma sunansa Ministry of Magic, wato ma'aikatar da ke mulkin mutanen wannan duniya ta ƙage, sai masu karatu suka sa ran Landan. Ranar 22 ga Mayu, 2025 aka buɗe ƙofa, sai ga titunan Paris na shekarun 1920. Ita ma'aikatar tana nan, amma a can ciki, sai ka ratsa Paris kafin ka isa gare ta. A littattafai bakwai ɗin da J.K. Rowling ta fitar daga 1997 zuwa 2007, labarin bai taɓa sauka a Paris ba. An ɗauko birnin ne daga fina-finan Fantastic Beasts, wani jeri daban da ya tsiro daga wannan duniya ta ƙage, musamman na biyu da ya fito a 2018, jerin da aka ce zai kai biyar amma ya tsaya a na uku a 2022. To mutumin da ya tara kuɗi na wata da watanni don ya je ya taka wurin da ya karanta, ya tarar da wani wuri daban, in ya ce "ba wannan na zo nema ba", ina laifinsa?

Ban je Orlando ba, kuma albashin malami ba zai kai ni ba. A waya muka kalla ni da 'yata, wata rana bayan sallar isha'i, muna zaune a tabarma, tana riƙe da wayar ina leƙowa ta kafaɗarta. Wani baƙo ne ya ɗauki bidiyo yana bin layi, ya shiga wani murhu mai koren haske, ya ɓullo cikin babban zauren ma'aikatar. Gaskiya wurin ya ƙayatu. Bango ya yi sama, an lulluɓe shi da tayil kore mai duhu yana ta sheƙi, tagogin ofisoshi hawa-hawa. Ana jin mutanen da ke kusa da shi suna ta mamaki, wata mata har da share hawaye. Ni kaina na ce masha Allah. Sai yarinyar nan ta tsayar da bidiyon ta ce, "Umma, ai ba haka yake ba." Ta tashi ta ɗauko littafi na biyar, wanda na saya gwanjo bangonsa duk ya tattare, ta yi ta buɗawa har ta samo wurin. A littafin, daɓen zauren da bangonsa katako ne mai duhu da aka goge, rufin kuma shuɗi irin na wuyan dawisu, da alamomin zinariya suna yawo a jikinsa. Tayil ɗin nan na waɗanda suka mayar da littattafan fim ne. Yarinya 'yar shekara 13 ta riƙe launin rufin ɗaki a kanta, ɗakin da babu shi a ko'ina sai a takarda.

Wannan nake so ku gane game da masu ƙorafin. Mai karatu shi ke gina gidan da kansa. Marubuciya ta ba shi tubali ne kawai, shi ya jera, shi ya yi fenti, kuma ginin kowa daban yake da na ɗan'uwansa. An sayar da littattafan nan fiye da miliyan 500, an fassara su zuwa harsuna sama da 80, ka lissafa yawan zauruka da ke cikin kawunan mutane. Idan kamfani ya zo ya gina guda ɗaya da siminti da ƙarfe, dole wasu su ji kamar an shigo musu gida an sauya musu kayan ɗaki. Ku ma'aikatan rediyo ai kun fi kowa sanin wannan. Sau nawa matanmu suka saurari littafin Hausa ana karantawa a rediyo, suka zana fuskar jarumar a zuciyarsu, da aka mayar da labarin fim suka ce sam ba ita ba ce?

Kuma ba ƙorafi kaɗai suka yi ba, wannan ma rahotonku ya tsallake shi. Babban abin hawan wasa da ke sashen an gina shi ne a kan ranar da za a gurfanar da Dolores Umbridge a gaban shari'a, kuma masoya da yawa sun yi murna da hakan ƙwarai. Wanda bai karanta ba ba zai gane dalili ba. Umbridge malama ce mai taushin murya da son kaya ruwan hoda, wadda ta sa yaro ya yi ta rubutu da alƙalamin da ke tsaga masa bayan hannu yana zuƙar jininsa a matsayin tawada. Masu karatu da dama sun fi tsanarta a kan babban mugun labarin, domin kowa ya taɓa haɗuwa da mai ƙaramin iko da ke zalunci yana murmushi. A matsayina na malama, duk lokacin da na zo babinta sai na binciki kaina. Littattafan sun ƙare ba tare da an nuna shari'arta ba. Mutane sun jira shekara 18 su ga an yi mata hisabi, shi ya sa suke tsayawa dogon layi a zafin Florida. Ashe ke nan ba ƙin sabon abu suke yi ba. In sabon ya tsiro daga cikin littafin, da hannu biyu suke karɓarsa.

Na san wasu masu sauraro za su ce me ya haɗa mu da labarin sihiri. Ni ma uwa ce Musulma, na yi wannan tunanin kafin in miƙa wa 'yata littafin farko. Na zaunar da ita na gaya mata ƙage ne, ɗan'uwan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kakarta ke yi mata, kuma muna tattauna abin da ta karanta. Iyayen da suka zaɓi hana nasu ina girmama ra'ayinsu.

Roƙona gare ku, Malam Edita, idan za ku sake taɓo irin wannan batu, ku nemi wanda ya karanta littafin ku ji ta bakinsa, kada ku tsaya a kan sanarwar kamfani da hotunan ranar buɗewa. Akwai irinsu a nan gida, a makarantunmu, ba sai an je Amurka ba. Tawa 'yar tun daren nan ta koma littafi na biyar daga farko, ta kuma sa ƙawayenta biyu sun shiga layin aro.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taku mai sauraro,
wata malama daga Zariya