Godiya Ga Gidan Silima Na Mahoning, Daga Ɗan Afareto

Zuwa ga masu gidan silima na Mahoning Drive-In Theater da ke Lehighton a jihar Pennsylvania, da ma'aikatansu, da 'yan sa-kai masu taya su aiki.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na san ba ku jin Hausa. 'Yata ta yi alkawarin za ta juya muku takardar nan zuwa Turanci, amma na ce mata ta bari tukuna in rubuta ta da bakin da nake godiya da shi idan abu ya kai mini zuci. Ina kuma so 'yan uwanmu na Filadelfiya da Bronx da Newark su karanta, don da yawansu sun shekara ashirin a ƙasar nan ba su san akwai wuri irin naku a bayan gari ba.

Saboda mutanen gida, bari in fara kwatanta wurin. Fili ne fetal kamar filin idi, ciyawa da tsakuwa, an tayar masa da kunya-kunya irin ta gona, yadda idan ka hau da tayar gaba hancin motarka zai ɗaga sama, ta gabanka ba za ta tare maka gani ba. Can gaba ga farin allo tsaye kamar bangon bene, bayansa duhun itatuwa. Da motarka za ka shiga, a cikinta za ka zauna, ko ka shimfiɗa tabarma a gefenta. Maganar fim kuwa ta rediyon motarka za ta fito, ka kamo tashar FM da suka gaya maka, shi ke nan. Wani Ba'amurke mai suna Richard Hollingshead ne ya ƙago dabarar. A ƙofar gidansa ya fara gwadawa, ya ɗora ƙaramin injin Kodak a kan bonet, ya kafe ƙyalle a jikin bishiyoyi, sannan ya buɗe na farko a gefen garin Camden na New Jersey ranar 6 ga Yuni, 1933, kuɗin mota santi 25, na kowane mutum santi 25. Zuwa 1958 irin waɗannan filaye sun haura 4,000 a Amurka. Yau ba su fi 300 da 'yan kai ko ƙasa da haka ba. Talabijin ta ci nata, kaset ɗin bidiyo ya ci nasa, ƙarin awa ɗaya da ake yi wa agogo da bazara ya sa dare ba ya yi da wuri, sannan fili ya yi tsada, mai shi ya ga gara ya sayar a gina kantuna. Naku tun 1949 yake a tsaye.

Amma ni ba mota ce ta kawo ni wurinku ba. Mota kam a cikinta nake wuni, da ita nake neman abinci. Inji ne ya kawo ni.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, afareto ne, wato mai sarrafa injin haska fim, a wani gidan silima a Kano, ba sai na kama suna ba. Wanda ya tashi a Fagge ko Sabon Gari a wancan zamani ya san Plaza da Rex da El Dorado da Orion da Palace, ya kuma san yawancinsu katanga ce kawai ba rufi sai ɗan na baya inda masu kuɗi ke zama. Sai rana ta faɗi duhu ya kankama ake haska fim, kana kallon Indiya taurari na kallonka. Idan hadari ya taso, 'yan bencin gaba su jiƙe sharkaf ba wanda zai motsa. Ba zan ɓoye ba, sana'a ce da ba a faɗin ta da ƙarfi a cikin dangi. Silima a wurin iyayenmu matattarar 'yan iska ce, matar kirki ba ta taka ƙofarta, kuma tsofaffi ba su manta da gobarar silimar El Duniya ta 1951 ba, wadda ta cinye mutum 331, bayan faya-fayan fim irin na da, masu kamawa kamar fetur, sun kama wuta a ɗakin inji. Wasu har gobe cewa suke fushin Allah ne. A zamanin Baba an riga an sauya irin zaren fim ɗin, amma bokitin yashi bai taɓa barin bakin ƙofar ɗakinsa ba. Idan aka tambayi innata aikin mijinta, sai ta ce makanike ne. Ba ta yi ƙarya ba.

Ina ɗan shekara goma ya fara barina in kai masa tuwon dare. Ɗakin sama ne ƙanƙane, zafi kamar gidan burodi, inji biyu a jere suna leƙen waje ta 'yan tagogi. Haske daga sandunan kabon guda biyu yake fitowa, wuta na tsalle a tsakaninsu suna cinyewa a hankali, dole hannunsa na kan maɗauri yana matso da su, idan ya yi sakaci allo ya yi ja sannan ya dushe. Kowane faifai minti ashirin ne ko kusa da haka, fim ɗin Indiya kuwa sai ya ci faifai takwas ko tara. To, yaya za a yi wannan ya ƙare, wancan ya ɗauka, ɗan kallo bai ankara ba? Nan ne ya nuna mini sirrin. Ya ce, kalli ƙuryar sama ta hannun dama, kada ka ƙifta. Sai ga wani ɗan baƙin ɗigo ya gifta, bul, ya ɓace. Ya tayar da inji na biyu yana ƙirgawa a zuci. Bayan kamar daƙiƙa bakwai ko takwas ɗigo na biyu ya bayyana, ya rufe wannan ya buɗe wancan a bugu ɗaya, waƙa ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Mutum dubu a ƙasa, ba wanda ya gani sai ni da shi.

Ranar da ya kuskure kuwa, ko zare ya tsinke, sai ka ji fito da ihu, “Afareto! Afareto!”, ɓawon rake na tashi sama, ana ambaton kakata da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Ya yanke wurin da reza, ya kankare gefe, ya shafa wani gam mai warin ruwan goge farce, ya danne da babban yatsa. Guntayen da ya yanke ni yake tara wa. Da su muke haɗa namu majigin a soro: kwali, tocila, da mataccen ƙwan fitila da muka ƙwaƙule muka cika da ruwa. Yaran layinmu da gyaɗa suke biyan kuɗin shiga.

Bidiyo ya zo ya kashe wannan duka. Baba ya koma gyaran janareto, a haka ya cika. Ni kuma na zo Amurka na haifi yara biyu waɗanda fim a wurinsu abu ne da ke cikin waya. Na sha ba su labarin ɗigon, su ce to, Abba, irin “to” ɗin da yaro ke yi wa tatsuniyar da ya ji sau goma. Mun je silimun zamani na cikin kantuna, na zura wa ƙuryar dama ido har fim ya ƙare, babu komai. Can babu zare, babu faifai, kwamfuta ce ke yin aikin, ɗakin inji ma sau da yawa ba kowa a ciki.

Wani fasinja na ɗauko, hira ta kai mu ga tsofaffin silimu, shi ya ce mini akwai wasu a Lehighton da har yanzu da zaren milimita 35 suke haskawa, da injinan Simplex na shekarun 1940. Na ɗauka zuƙi-ta-malle ce. Wata Asabar ta watan Yuli na kwashi iyali muka bi babbar hanyar 476 zuwa arewa, tafiyar awa ɗaya da rabi, uwargida na mita a kan wane irin silima ne sai an ratsa duwatsu.

Abu na farko da zan gode muku a kai ƙarami ne a wurinku. Magriba a nan da bazara sai wajen ƙarfe 8:30, daidai lokacin da kuke shirin farawa. Na je wurin wani saurayi mai nuna wa motoci wurin tsayawa, na ce ina so in yi salla. Bai yi mini kallon da na saba gani ba. Ya nuna mini ciyawa mai tsabta a gefe inda mota ba ta bi, ya ce akwai sauran lokaci, sai duhu ya ƙara. Na yi sallata da ɗana a dama, mata a baya, ba wanda ya tsaya kallonmu. Yarinyar da ke sayar da abinci ita ma da na tambaye ta abin da ke da naman alade, ba ta yi tsaki ba, ɗaya bayan ɗaya ta nuna mini. Muka tsaya a gugguru da soyayyen dankali. Na sayi fiye da abin da za mu iya ci, da gangan, don na san kuɗin ƙofa kaso mai tsoka na masu fim ne, da cinikin gugguru irin wuraren nan ke numfashi.

Fim ya fara, wani tsohon fim na yara. Ni ban ma bi labarin ba. Hasken nake kallo, yadda ya fito daga ɗan gininku na tsakiyar fili ya ratsa ta saman motoci, ƙwari na iyo a cikinsa, da 'yan zane-zanen tsufa da ke sauka a allo kamar yayyafi. Na duba agogo. Da aka kusa minti goma sha takwas na taɓa kafaɗar 'yata na ce, ƙuryar sama ta dama, kada ki ƙifta.

Bul.

Ta ce, “Abba, na gani!” da ƙarfin da ya sa na motar kusa suka waiwayo. Na ce ƙirga. Ta ƙirga da Hausarta mai gargada, ɗaya, biyu, uku, tana kaiwa bakwai na biyu ya gifta, hoto ya ɗan yi wani numfashi da sai ɗan gida zai lura, fim ya wuce. Ɗigon naku ba zagaye yake sosai ba, ya ɗan yi tsawo kamar ƙwan zabo, saboda gilashin da ke buɗa hoton faffaɗan allo ya ja shi gefe da gefe. Baba ya taɓa gaya mini dalilin, na manta, sai a daren nan ya dawo mini da muryarsa. Uwargida ta miƙo mini gefen mayafinta ba ta ce komai ba. Daga nan yaran suka bar fim suka koma farautar ɗigo, har gardama suke wa ya riga gani.

Da aka tafi hutun tsakanin fim na farko da na biyu, na yi ƙarfin hali na je bakin ɗakin inji. Niyyata in leƙa kawai. Mai kula da injin ya ji Turancina ya tambaye ni daga ina, na ce Nijeriya, mahaifina irin aikinka ya yi. Sai ya matsa gefe ya ce mu shigo. Warin ne ya fara dukana, man inji da zafin ƙarfe da zare, shi ne dai warin rigar Baba. Ya buɗe wa yaran cikin injin, ya nuna musu yadda haƙoran ke kama 'yan hudojin gefe, huɗu ga kowane hoto, da lanƙwasar da ake bari sama da ƙasa don kada zare ya tsinke, ya ce hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Na ce ƙafa casa'in a minti. Ya juyo ya dube ni ya yi dariya, ya miƙo mini hannu. Kafin mu fita ya ciro wani guntun zare da aka yar, ya ƙirga hoto 24, tsawon ƙafa ɗaya da rabi, ya yanke ya ba autana, ya ce ga daƙiƙa ɗaya ka tafi da ita gida.

Daga baya na fahimci abin da kuka ɗauka a kanku. Wajen 2013 zuwa 2014 manyan kamfanonin fim, Paramount a gaba, suka fara daina buga sabbin finafinai a zare. Duk mai silima ya sayi injin dijital, wanda a lokacin yakan kai dala 70,000, ko ya rufe. Wurin da ke aiki rabin shekara ina zai samo wannan? Da yawa suka sa kwaɗo. Ku kuwa kuka ce tunda sabo ya fi ƙarfinku, za ku riƙe tsoho, kuka koma neman tsofaffin faya-fayai kuna haskawa, matasa masu son abin suka zo suna aiki kyauta, wasu har kwana suke a filin. A 2021 da aka so mai da wurin gonar farantan sola, jama'arku suka tashi tsaye har kamfanin ya janye. Ni ba na cikinsu, ban ma san ku ba a lokacin, amma na ci moriyar tsayuwarsu.

Ga 'yan uwa masu niyyar zuwa: ku duba jadawalin kafin ku ɗauko yara, don mutanen nan suna ƙaunar finafinan ban tsoro, na dodanni da zubar da jini, wanda ni ko kyauta ba na so. Akwai ƙarshen makon da suke warewa na iyali. Ku riƙo bargo ko da rani ne, sanyin kwarin nan yana sauka bayan tsakar dare. Ku kuma zo da ƙaramar rediyo mai batir, kada ku yi irin tawa. Ni da nake taƙama da sanin mota, na bar rediyo a kunne awa huɗu inji a kashe, da aka tashi na murɗa makulli sai ƙas-ƙas-ƙas. Ƙarfe ɗaya na dare, a bayan gari, yara sun yi barci. Kafin in gama salati wani ma'aikacinku ya iso da tocila da na'urar tayar da batir, ya ce kusan kullum sai an samu irina. Na zaro kuɗi, ya ƙi karɓa, ya ce in sayi gugguru idan na dawo.

Zan dawo, in sha Allahu, da an buɗe sabuwar kakar haska fim a ƙarshen Afrilu, kuma mota biyu za mu yi, don wani abokina ɗan Zariya ya ce shi ma kawunsa mai yaga tikiti ne. Guntun zaren nan autana ya liƙa shi a gilashin tagar ɗakinsa, da safe idan rana ta bugo sai 'yan hotunan su faɗo a bango. Ya ce in tambaye ku ko kuna koya wa yara ɗora zare a inji, da shekara nawa ake farawa. Na ce masa ni da goma na fara kai tuwo.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa injinan nan rai, ya kawo muku kasuwa.

Naku,
Ɗan afareto daga Fagge, mazaunin Filadelfiya