Wasiƙar godiya ga masu masaukin da suka karɓe mu a Hermanus

Zuwa ga maigida da uwargidan masaukin baƙin da muka sauka a garin Hermanus, Afirka ta Kudu, da dukkan ma'aikatansu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku. Yau sati uku ke nan da dawowarmu Kano, kuma har yanzu ba a wuni a gidanmu ba a ambace ku ba. Mahaifiyata, Hajiya, ita ta matsa mini in zauna in rubuta wannan takarda, ta ce yaba kyauta tukwici. Na rubuta da Hausa ne domin 'yan'uwana da ke da niyyar zuwa wannan yanki su karanta, ɗana kuma zai juya muku ita zuwa Turanci ya aiko.

Taron aiki na kwana huɗu ne ya kai ni Cape Town a watan Satumba. Na ɗauki maiɗakina da Hajiya, da nufin idan an tashi daga taro mu ƙara kwana biyar a bakin teku, Hajiya ta huta, don tun rasuwar mahaifinmu ba ta leƙa ko'ina ba in ban da asibiti da gidajen gaisuwa. Tun muna gida na fara neman masauki, kuma a nan ne raina ya fara ɓaci. Duk inda na rubuta na tambaya me baƙo zai yi da yininsa, amsa ɗaya ce: da safe a kai ku gonar inabi ku ɗanɗana giya, da rana a kai ku wata gonar ku ci abinci da giya, da yamma a zauna a kalli faɗuwar rana da kofin giya a hannu. Na bayyana musu cewa mu Musulmi ne, ba ma sha, ba ma kuma zama a teburin da ake sha. Wasu ba su sake amsawa ba. Wani da na kira a waya ya ce mini ai ba sai mun haɗiye ba, mu kurkure baki mu tofar, haka masu ɗanɗano ke yi. Wata kuma ta ce kada in damu da abincin safe, za su ɗauke mana naman aladen daga kan farantin kafin a kawo.

Ban je ƙasar mutane don in canja musu sana'a ba. Tun 1659 ake matse inabi a wannan yanki, dubban gidaje da shi suke ci, na san da haka kafin in sayi tikiti. Abin da ya yi mini ciwo shi ne yadda ake sa mutum ya ji kamar ya zo da matsala a aljihu, kamar kuɗinsa ne kawai ake maraba da shi. A masaukin da muka kwana daren farko bayan taro, sau uku na roƙa a ɗauke kwalbar da aka ajiye mana a ɗaki ta maraba, har gari ya waye tana nan kusa da inda Hajiya za ta shimfiɗa dardumarta. Da safe na ce wa maiɗakina mu haƙura mu canja tikiti mu koma gida. Ita ce ta ce mu gwada wuri ɗaya tak, in bai yi ba shi ke nan.

Haka muka kamo hanya, tafiyar kilomita kusan 120, muka haura dutsen Sir Lowry, muka ratsa gonakin tuffa na Elgin, muka iso muku da la'asar sakaliya, a gajiye, ba mu sa ran komai ba.

Baiwar Allahn da ta tarbe mu, mai kula da baƙinku, ita ce dalilin wannan wasiƙa. Ba zan rubuta sunanta a bainar jama'a ba, ku kun san ta. Ba ta miƙo mana takardar jerin yawon da aka saba ba kowa ba. Ta jawo wa Hajiya kujera, ta ɗauko ɗan littafi da biro, ta yi mana tambaya uku: me ba ku ci, ƙarfe nawa kuke salla, kuma Mama tafiyar minti nawa take iya yi kafin gwiwa ta dame ta? Duk abin da muka faɗa ta rubuta. Ta ce mu sha shayi tukuna, a ba ta minti ashirin. Da muka shiga ɗaki, an kwashe duk abin da ke cikin firji an zuba ruwan tuffa da madara. A banɗaki ga jug na roba an ajiye mana a madadin buta, ba mu ma tambaya ba. A kan tebur kuma ga farar takarda an zana kibiya an manne da salatif.

Hajiya ta dubi kibiyar ta ce, "Anya 'yar nan ba ta yi kuskure ba? Wannan ai arewa ta nuna." Shekara saba'in da wani abu Hajiya gabas take fuskanta. Na duba waya, ashe yarinyar ce da gaskiya: daga can ƙasan Afirka alƙibla arewa take, da ɗan karkata zuwa gabas. Daga baya ta gaya mana cewa ita Kirista ce, wata maƙwabciyarta Musulma ta kira ta tambaya. Daga wannan daren Hajiya ba ta sake kiranta da komai ba sai ɗiyata.

Abinci da tsabta da shimfiɗa duk ba abin da za a ce. An ware mana kasko da wuƙa namu daban, naman da aka dafa mana an nuna mini tambarin halal a jikin ledarsa, sauran kwanakin kuma kifi muka yi ta ci.

Washegari ta ce mu bar komai mu je mu ga abin da ya sa duniya ta san Hermanus. Akwai hanyar ƙafa da ta bi gefen duwatsun bakin teku, tsawonta ya kai kilomita 12, amma ita ta zaɓar mana ɗan yanki kusa da tsohuwar tashar jiragen masunta, wajen Gearing's Point, inda ƙasa take a shimfiɗe kuma akwai bencina kusa da kusa. Ta ba mu barguna biyu da filas na shayin ruibos, ta ce iskar teku a Satumba ba ta da wasa ko da rana ta fito. Mun zauna kamar rabin awa ba mu ga komai ba sai ruwa. Sai muka ji busa, wani mutum ɗauke da allo a ƙirji yana hura ƙahon da aka yi da busasshiyar ciyawar teku. Shi ne mai shelar garin, aikinsa ke nan, ya sanar da jama'a inda manyan kifayen suka ɓullo. Mutane suka juya wuri ɗaya, mu ma muka juya.

Wallahi ban taɓa ganin halitta irin wannan ba. Wani baƙin abu ya taso daga ruwa a hankali, tsawonsa ya fi na babbar motar haya, kansa duk wasu fararen ƙuraje masu kaushi kamar an yaɓa masa siminti. Ya fesa numfashi sama, feshin ya rabu biyu, muna jin ƙararsa daga inda muke zaune. A gefensa ga ƙarami yana gogar jikinsa. Uwa ce da ɗanta. Turawa na kiransa wel, kuma ko da yake muna ce masa kifi, haihuwa yake yi ya shayar da nono, iska yake shaƙa kamar mu. Daga ruwan ƙanƙara na can kudu suke tasowa duk shekara, daga wajen Yuni zuwa Nuwamba, su zo wannan lungu mai kwanciyar ruwa su haihu su yi reno. Hajiya ta miƙe tsaye ba tare da sandarta ba, bargon ya zame ƙasa, ta ce, "Kifin Annabi Yunusa!" Ta yi ta maimaita addu'ar da ya yi a cikin cikin kifi, hawaye na zuba. Rabon da in ga fuskar mahaifiyata a sake haka tun kafin rashin da aka yi mana.

Da muka dawo na ce a yi mana rajistar jirgin ruwan da ke kai mutane kusa da su. Ɗiyar Hajiya ta duba hasashen yanayi ta ce kada mu je, igiyar ruwa za ta yi ƙarfi kwana biyu, Mama za ta wahala, kuma abin da muka gani daga kan dutse ya isa. Na san masauki na samun ɗan kaso idan ya tura baƙo irin wannan yawo. Ta bar kuɗin ya wuce ta gaya mana gaskiya. Maganar shiga keji a ruwa don kallon kifin shak a Gansbaai kuwa, ta ambata ne kawai don kada mu ce ba a gaya mana ba.

Kwarin inabin da kowa ke ta son kai mu, mun gan shi, amma yadda ya dace da mu. Direban da kuka haɗa mu da shi ya bi da mu ta hanyar Caledon ba tare da ya karkata ƙofar kowace gona ba. Sunan kwarin Hemel-en-Aarde, wato sama da ƙasa a harshen Afirkans, kuma wanda ya sa masa sunan bai yi ƙarya ba, don duwatsu sun rufe ko'ina, ba ka ganin komai sai su da sararin samaniya. Itatuwan inabin a lokacin tsiro kawai suka fara, sai wajen Fabrairu ake tsinka. Direban ya ce iskar teku mai sanyi ce ke sa 'ya'yan su nuna a hankali, shi ya sa manoma ke son wurin. Ya kuma gaya mana abin da ba na jin ana gaya wa masu zuwa ɗanɗano: tun 1817 nan ne aka keɓe kutare, kafin daga baya a kwashe su zuwa tsibirin Robben, inda Mandela ya yi shekara 18 a tsare. Bayan kwarin sai gonakin alkama da na kanola, wani tsiro da ake matse mai daga ƙwayarsa, rawaya shar har iyakar gani, da wasu dogayen tsuntsaye masu ruwan toka, 'yan'uwan gauraka, waɗanda su ne tsuntsun ƙasar.

Rana ta uku muka wuce har Agulhas, ƙarshen nahiyar Afirka daga kudu, inda aka shata iyakar tekun Indiya da na Atalantika, ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka fara kunnawa a 1849. An gina taswirar Afirka a ƙasa, babba, mutum na iya takawa a kanta. Hajiya ta sa na nuna mata daidai inda Kano take, ta tsaya a wurin aka ɗauke ta hoto. A Betty's Bay kuma muka ga tsuntsayen fengwin suna tafiya kamar yara masu koyon tatata, kukansu sak na jaki, ga rema birjik a kan duwatsu suna shan hantsi kamar a dutsen ƙauyenmu.

Ina rubuta wannan ina tuna wani otal da na sauka a gida bara, mai tsada, inda na tsaya a gaban kanta minti goma yarinyar da ke wurin tana danna waya ba ta ɗago ba. Na tambaye ta ina baƙo zai je ya ga gari, ta ce ita ma ba ta sani ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Mu ne muke cewa baƙonka Annabinka, a gidajenmu kuma har gobe ana yanka wa baƙo kaza a bar masa ɗaki. Amma da zarar an kafa allo an ce nan wurin kasuwanci ne, sai wannan tarbiyya ta tsaya a bakin ƙofa. Muna da ganuwa da marina da kasuwanni masu ɗaruruwan shekaru, muna da duwatsu da maɓuɓɓugan ruwa, amma da wuya ka samu masaukin da wani zai zauna da biro ya tambayi tsohuwa tafiyar minti nawa take iyawa. Masu zuba kuɗi a ginin otal suna sayen tayil da fitilu daga ƙasashen waje, ba sa kashe ko kwabo wajen koya wa ma'aikaci yadda ake duban fuskar mutum. Ma'aikacin ma sau da yawa ba a biya shi albashin wata biyu ba, da wane rai zai yi fara'a?

Ranar da za mu tafi, ɗiyar Hajiya ta kawo mana wata takardar da ta zana da hannu. Ta ce tunda jirginmu sai dare, mu bi hanyar bakin teku ta Clarence Drive zuwa Gordon's Bay, daga nan mu tsaya a Macassar, akwai kabarin wani malaminku a kan tudu. Shehu Yusuf ne, mutumin Makasar ta ƙasar Indonesiya, wanda Turawan Holan suka koro zuwa nan a 1694 saboda ya yaƙe su, ya rasu a 1699, ana kuma lissafa shi cikin waɗanda suka kafa Musulunci a wannan ƙasa. Mun je, mun yi masa addu'a, mun yi wa mahaifinmu. Ni da na yi karatu ban san da shi ba, sai ga wadda ba addininta ba ta nuna mana hanya.

Maigida da uwargida, ku riƙe wannan yarinya da kyau, ku kyautata mata. Allah ya yi wa kasuwancinku albarka, ya tsare ku da iyalanku. Turaren wutan da Hajiya ta ba ta, a gaya mata garwashi kaɗan ake sawa, kada ta zuba shi a kan harshen wuta. Hajiya ta ce a gaishe ta da kyau, a kuma tambaye ta ko uwar nan da ɗanta suna nan ko sun koma kudu.

Naku,
Baƙonku daga Kano, na ɗakin ƙasa mai kallon teku.