Kulle ɗan ƙwaya a ɗaki ba magani ba ne

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na lafiya, inda wani dattijo ya bugo waya ya ce ba ɗan ƙwaya metadon, maganin da likitoci ke bayarwa don kwantar da jarabar su kodin, tamkar raba shi da giya ne a miƙa masa burkutu. Ban ga laifin Baba ba, don ni ma haka na ɗauka kafin abin ya shigo gidanmu.

Ƙanena ya shekara uku yana shan kodin. Da gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tarin mai kodin a 2018, sai ya koma tiramol. Muka yi shawara, muka kulle shi a ɗakin zaure. Washegari sai hamma ba ƙaƙƙautawa, ga majina da hawaye, gumi ya jiƙa tabarma sharkaf, ga amai da gudawa. Yana ta murza ƙafafu yana cewa ƙasusuwansa ake sara. Inna tana zaune a bakin ƙofa riƙe da kofin kunu har ya huce. Bayan kwana goma ya lafa, muka yi sadaka, muka ce an rabu.

Ko wata bai cika ba ya koma, ya sha daidai yadda ya saba a da, alhali jikin ya daina ɗaukar wannan nauyin. Muka tsince shi numfashi da ƙyar. Allah Ya sa da sauran kwana a gaba.

A asibiti likita ya fahimtar da ni cewa lokacin da iyali ke murna shi ne mafi haɗari. Metadon dangin su kodin ne, gaskiya, amma yana daɗewa a jiki. Sau ɗaya ake sha a rana a gaban ma'aikacin lafiya, ya kwantar da jarabar, mutum ya iya fita nema. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin muhimman magunguna. Shi ma ba a yanke shi dare ɗaya: wahalarsa sai bayan kwana ɗaya ko biyu take tasowa, kuma tana iya kai mako uku ko fiye. Shi ya sa ake rage shi kaɗan-kaɗan, wata da watanni. Haɗa shi da giya ko maganin barci kuwa yana tsayar da numfashi.

Wani bincike na 2018 kan shan ƙwaya ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan magunguna dangin kodin da tiramol ba bisa ƙa'ida ba. Da yawansu 'ya'yan unguwanninmu ne.

Don Allah ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa daga asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano, ku buɗe layi, iyaye su tambaye shi inda za su kai yaro kafin su sayi kwaɗo.

Wassalam,
Wata mai sauraro daga Kurna, Kano.