Maganin CAR-T ga matasa masu lufus: har yanzu gwaji ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin jan hankalin iyayen matasa masu fama da lufus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa ƙoda, fata da gaɓoɓi. Tsoronmu shi ne wani ya ji labarin CAR-T, wato maganin da ake sauya wa ƙwayoyin garkuwar majinyaci halitta a mayar masa da su, ya dakatar da maganin ɗansa.

A Erlangen ta Jamus aka fara gwada shi kan lufus a 2021, a jikin wata mai shekara 20. A 2023 aka yi wa wata 'yar shekara 15 da cutar ta kai ga wankin ƙoda, daga baya kuma ta rabu da wankin. Abin farin ciki ne ƙwarai, amma matasan da aka yi wa kaɗan ne.

Ga yadda ake yi. Ana fara rage magungunan danne garkuwa, domin suna raunana ƙwayoyin T, wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki, da ake son ɗiba. Na'ura ta tace su daga jini, a kai ɗakin bincike a sauya musu halitta yadda za su gane alamar CD19 da ke jikin ƙwayoyin B, masu haɗa sinadaran da ke kai wa jiki hari. Wannan kan ci kusan mako biyu. Sai a ba majinyaci magungunan kansa, fludarabine na kwana uku da cyclophosphamide, don share wa ƙwayoyin T da aka sauya wuri, sannan a mayar masa da kimanin ƙwayoyi miliyan ɗaya kan kowane kilo na nauyinsa. Su ne za su kashe ƙwayoyin B su ɓace, sababbi su fito bayan wata uku zuwa huɗu.

Matsalar farko zazzaɓi ce, wani lokaci har da faɗuwar matsin jini (BP), saboda ƙwayoyin na zuba sinadaran kumburi a lokaci guda; maganin tocilizumab ake bayarwa don kwantar da kumburin. CAR-T kan taɓa ƙwaƙwalwa ma, shi ya sa ake sa yaro rubuta jimla ɗaya kullum, da zarar rubutun ya fara karkacewa a ankara. Garkuwa na yin ƙasa na watanni, wasu sai an yi musu ƙarin sinadaran kariya ta jijiya. Cyclophosphamide na iya shafar haihuwa, kuma wajibi ne a faɗa wa matashin da iyayensa kafin a fara. A 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗin kansar ƙwayoyin T a kan magungunan CAR-T da ake ba masu cutar kansa, don haka bibiyar ta shekaru ce.

Ƙodar da ta riga ta yi tabo kuwa, CAR-T ba ya gyara ta. Muna roƙon iyaye kada su dakatar da maganin lufus na hydroxychloroquine sai da izinin likita, su riƙa kai fitsari a duba furotin, kuma idan fuska ko ƙafa ta kumbura ko fitsari ya yi kumfa, a tafi asibiti a ranar.

Wassalam,
Masu karatunku.