Kafin ku ƙaro lasifika a masallacin nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya yara, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya. Na ga saƙonka kan sabon masallacin unguwarku, cewa mutanen sahun baya basa gane huɗuba sai dai su ji wani irin ruri, kuma kwamiti na shirin haɗa kuɗi a ƙaro lasifika. Don Allah ka ce su dakata tukuna, wallahi ni a ganina sautin bai yi kaɗan ba, yawa ma ya yi.

Kaga muryar liman in ta fito tafiya take cikin iska, wajen mita 343 a sakan ɗaya, kuma in ta bugi abu mai tauri da sulɓi irin tayil ko siminti ko gilashi dawowa take yi. In abin na nesa kamar mita 17 ko fiye, misali ka tsaya gaban dutse ka ƙwala kira, sai ta ɗan jima kafin ta dawo har kunne ya ji ta daban, wato amsa-kuwwa kenan. Amma a cikin gini ba sau ɗaya take dawowa ba, ta bugi wannan bango ta koma wancan ta hau silin ta sauko kan tayil, kalmar farko bata gama mutuwa ba ta biyu ta hau kanta, shi yasa magana take cakuɗewa. Ga kuma ƙubbar da ka turo min hotonta, ita tattaro sautin take ta zubo shi waje ɗaya. To in kun ƙara lasifika ai shi kuka ƙara wa ƙarfi.

Irin wannan ta taɓa faruwa da wani ɗakin lacca a jami'ar Harvard ta Amurka a 1895, har aka sa wani malamin kimiyya Wallace Sabine ya duba. Da dare yake ɗauko kushin na kujeru yana jerawa yana auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu, ya gano iya yawan abu mai laushi iya saurin mutuwarsa.

Kai ma ka gwada, ka shiga bayan Isha'i in an watse ka tafa hannu sau ɗaya ka saurara. Wurin magana ana son sautin ya lafa cikin kamar sakan ɗaya, in ka ji ya ja sakan uku ko huɗu to ga ciwon nan. Ka lura ma ranar Juma'a in an cika maƙil abin yafi sauƙi akan Asuba, don jikin mutane da manyan riguna suna shanye sauti.

Kuɗin nan a sayi kafet mai kauri a shimfiɗe ko'ina, a rataya labule masu nauyi a bangon baya, lasifikokin da kuke dasu a rage musu murya a karkato da su su kalli jama'a.

Ka gaida min su Baba, in kun gwada ka kira ni in ji yadda aka yi.

Naka,
amininka